Dokar Inna Hure ta Hana Aure

Duk unguwar Misfala ta Makka babu mai taurin kai irin Inna Hure, ni da na yi maƙwabtaka da ita zan iya rantsuwa. Kuma koyo ta yi. Tana budurwa a wani ƙauye gabas da Damagaram gyambo ya kama mata ƙafa, aka kai ta wurin wata Baturiya 'yar Katolika, Sista Odila, wadda ta baro ƙasarsu ta tara mata ta kafa ƙungiyar jinyar marasa galihu kyauta. Ƙafa ta warke, Hure ta zauna tana yi musu wanki, tana sallarta babu mai hana ta. Ta lura suna wanke hannu har gwiwa, ba sa tambayar majinyaci asalinsa, kuma babu mai miji a cikinsu. Sai ta ɗauka duka ukun magani ne.

Da ta zo aikin Hajji ta ƙi komawa, ta ga yadda alhazanmu ke kwanciya a lungu da zazzaɓi da kumburin ƙafa, sai ta tara zawarawa irinta marasa iƙama, wato takardar izinin zama, ta kafa tata ƙungiyar. Doka ɗaya ce ba a taɓa ta: wadda ta yi aure ta ajiye buta ta tafi.

To, ina ruwan alhaji da doka? Mutum ya farfaɗo ya ga mace tana ba shi kunu a baki, kafin ya iya tsayuwa ya fara tambayar waliyyinta. Cikin zawarawan, Rabi ce ta fara aure ta tafi, Khadijatu ta bi. Inna Hure ta koma ɗaukar tsofaffi zalla, har ta samo Zali, wadda haƙoranta ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. Ta ce wannan kam ta Allah ce. Wani dattijo mai suna Mailafiya, da aka kawo shi ranga-ranga daga Mina, ya warke ya ce shi ma ba haƙoran gare shi ba, sun dace.

Hajjin shekarar 1966 ya same ta ita kaɗai, majinyata jere a tsakar gida, wani na kiran ruwa wani na kiran uwarsa. Na gan ta tana kuka a bakin randa, raina ya ɓaci ƙwarai, don ban taɓa ganin hawayenta ba. Ko ta karya dokar Sista, ko ta rufe ƙofa.

Ta yafa mayafi ta nufi gidan Rabi, wadda ta kora da baƙar magana. Rabi ta leƙo da goyo a baya.

"Inna, lafiya? Kin manta ina da miji?"

"Halas, ya isa, na sani. Ina yake?"

"Yana ciki. Me zai yi miki?"

Inna Hure ta daɗe tana kallon ƙasa kamar ta yar da allura.

"Yana da ƙarfi?"

"Ɗan dako ne fa, Inna."

"Ɗayyib, ya yi. Ki zo ki riƙe buta, shi ya ɗauko min marasa lafiya. Yalla, yi maza, akwai wani tsoho a bakin hanya tun safe, na kasa ɗaga shi."