Sumie Mai Gwajin Silikon

Kuramochi Sumie ta shigo kamfaninmu da niyyar ta yi shekara biyu ta koma gida. 'Yar wani ƙauye ce a tsaunukan Nagano, inda mahaifinta yake da gonar tuffa, kuma tun tana ƙarama kowa ya san ita za ta gaje shi, don yayanta Tatsuo bai taɓa son noma ba.

Kujerarta tana kusa da tawa a ɗakin gwaji. Ɗaki ne marar taga, ba a yarda ko ƙwayar ƙura ta shiga ba. Mukan rufe jiki da fararen kaya daga kai har ƙafa, ido kaɗai ne a waje. Ba hoda, ba turare, ko atishawa sai ka fita. Aikinmu shi ne duba faya-fayan silikon, sirara kamar ɓawon ƙwai, waɗanda ake kaiwa Turai a jera su cikin wata ƙatuwar na'ura a ƙarƙashin ƙasa, inda masana ke haɗa ƙananan ƙwayoyin zarra karo su ga abin da zai fito. Kowane faifai sai an sa shi a akwati mai duhu, a ɗora masa allura, a ba shi wuta, a ga ko wutar tana yoyo. Wanda ya faɗi gwaji ba ya fita daga ɗakin.

Hannun Sumie ba ya rawa, ba ta taɓa karce faifai ba, wannan ne ma ya ɗaure ta. Da shekara biyun suka cika ta sami shugaban sashenmu, Hoshikawa, ya sunkuyar da kai ya roƙe ta ta tsaya a gama kashin da ke hannu. Ta tsaya. Sai Turawan suka ɗaga lokacin aikinsu, suka canja fasalin faifan, aka koma farko.

Shekarar da ƙafar mahaifinta ta fara ciwo aka sayo injin da zai riƙa gwajin da kansa. Muka yi mata murna, a zatonmu yanzu za ta samu ta koma gida, har muka je cin taliya. Ashe injin yana buƙatar mai zama a gabansa, don yakan yi kuskure idan iska ta yi laima, kuma Sumie ce kaɗai take gane ƙaryarsa.

Na taɓa ce mata, “Ke dai, ki ajiye musu aikinsu mana. Ɗaure ki aka yi da igiya?”

Ta ce, “Idan na tafi yanzu, ku za a bar wa. Bari dai a gama wannan.”

Duk lokacin girbi takan hau jirgin ƙasa ranar Asabar ta je ta tsinki tuffa, ta dawo Litinin da kaushin hannu, safar roba tana kama mata yatsu. Mahaifinta bai taɓa ce mata ta dawo ba. Sai dai ya tambaye ta ko an kusa gamawa, ta ce an kusa.

Ya rasu a farkon sanyi. Bayan an gama zaman makoki Tatsuo ya kira ta a waya muna cin abincin rana. Ya ce ya sami mai saye, ba zai iya riƙe gona yana Osaka ba. Na ji ta ce, “Yaya, ka ba ni zuwa bazara.” Ya ce haka ta faɗa bara, haka ta faɗa bara waccan. Mai sayen ya sare itatuwan kafin dusar ƙanƙara ta narke.

Kashin ƙarshe ya tafi Turai a watan Yuni, aka yi ɗan biki, Hoshikawa ya yabe ta a gaban kowa. A nan ya sanar cewa an ba mu sabon aiki, ya fi na baya girma. Ya ɗan kalli Sumie, ba ta ɗago ba.

Yanzu ta haura arba'in, wuyanta yana ciwo, ta fara sa tabarau. Kwanan baya ta nemi a riƙa sa ta aikin Asabar, ta ce zaman gida yana gundurarta.