Yaya Bashiru da Tambayar Matan Kajiji

Shekara bakwai ke nan da muka rasa yayana, Bashiru. Ni ƙanwarsa ce, ungozoma a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Shagari, kuma har yau idan aka tambaye ni aikin da yake yi sai na ɗan yi jim kafin in amsa. Malamin ƙididdiga ne a jami'a, amma ba ƙirga kawuna ya sa gaba ba. Abin da ya dame shi shi ne zaɓi: in an ajiye wa mutum hanya uku, me ke sa ya bi ɗaya ya bar biyu?

Mahaifiyarmu ta kan yi masa dariya, ta ce duk karatun nan a kan abin da zuciya ke yankewa kafin a ƙifta ido. Shi kuwa sai ya ce ruwa ba ya tsami banza. A wurinsa kowane zaɓi yana da ma'auni. Nisa yana da nauyinsa, kuɗin mota yana da nasa, haka kunya da tsoro. In ka ji amsar mutane da yawa, lissafi zai nuna maka wanne ya fi rinjaye.

Aikin da ya fi ci masa rai shi ne na haihuwa. A lokacin, mu ma'aikatan lafiya mun gama yanke hukunci cewa jahilci ne ke hana matan Kajiji da Lambara zuwa asibiti. Yaya bai musa mana ba. Ya nemi in raka shi, tunda ba zai shiga gidaje ba, muka yi damina guda muna yawo a kan babur. Ba mu taɓa tambayar mace dalilinta ba. Sai dai mu ce: ga asibiti kusa amma namiji ne a ciki, ga wani can Bodinga da ma'aikaciya mace, ga kuma ɗakinki, ina za ki? In ta amsa, mu sauya abu ɗaya mu sake tambaya.

Da ya gama haɗa amsoshin a kwamfuta, sai ga shi kasancewar mace a ɗakin haihuwa ta fi nisan hanya nauyi nesa ba kusa ba. Matan nan sun yarda su sha gargada a bayan babur da naƙuda, muddin mace ce za ta tarbe su. Ashe ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ya yi ta sintiri da sakamakon nan daga ofis zuwa ofis, wasu su ba shi kujera, wasu su bar shi tsaye, har aka turo ungozomomi mata ƙauyuka biyu. Ni ce ɗaya daga ciki.

Sai ciwon ƙoda ya kama shi. Da abin ya yi nisa, likitoci a Sakkwato suka shimfiɗa masa zaɓi: ya ci gaba da wankin ƙoda, ko a nemi hanyar fita waje, ko ya koma gida. Ya ce gida. Na yi kuka, na yi faɗa, har na ce masa, "Yaya, lissafin naka haka ya ce?"

Ya yi murmushi ya ce, "Dije, lissafi na faɗin abin da jama'a za su yi. Mutum guda kuwa, akwai ragowar da ba ta shiga awo. Wagga ragowa tsakanina da Ubangijina ta."

Ya rasu a ɗakin mahaifiyarmu, kafin a cire albasar waccan shekara.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Man fetur ya yi tsadar da ɗan acaba ke yanka kuɗin da ya ga dama. Akwai hanyoyin da ba a bi bayan la'asar saboda 'yan bindiga, akwai gonakin da masu su suka haƙura da su. Na san zai ce a daina kiran abin nan zaɓi, domin hanyar da aka toshe ba ta cikin lissafi. Kuma na san da ya sake ɗaukar babur ya tafi tambaya, ko da mun hana shi.

Bai bar gida na kansa ba, bai bar suna a jikin wani gini ba. Ɗalibansa suna kira lokaci zuwa lokaci su gaishe mu. Abin da na tabbata ya bari shi ne hali.

Makon jiya aka kawo mana wata mata mai naƙuda a amalanken shanu, ta galabaita, jini ya jiƙa zanenta. Sabuwar ma'aikaciyarmu ta buɗe baki za ta fara yi wa mijin faɗa. Na riƙe hannunta, na juya na ce masa, "Malam, mi ya tsai da ku?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, tun jiya munka nemi mai mashin. Babu wanda ya yarda shi biyo hanyar."

Ma'aikaciyar ta je ta ɗebo masa ruwa. Matar ta sauka lafiya, ɗiya mace. Allah ya jiƙan Yaya Bashiru, ya sa can ta fi masa nan.