Yatsan Bamanga

Shekara arba'in da 'yan kai na yi ina taka keken ɗinki a bakin layin 'yan mai na Kasuwar Gombe, kuma duk tsawon shekarun nan rumfar da ke kallon tawa ta Bamanga ce. Sunana Iro. Matata takan ce sa ido ya yi mini yawa, ni kuwa na ce son sanin dalili ne. In na ga abu ban gane kansa ba, abinci ma ba ya yi mini daɗi.

Bamanga dillalin man shanu ne. Matan Fulani su sauko da ƙore daga rugagen wajen Kwami da Akko, manyan 'yan kasuwa su saya, su narka, su ɗura a garwa su loda wa jirgin ƙasa zuwa kudu. Tsakanin mai kawowa da mai saye kuwa akwai yatsan Bamanga. Zai ɗaga faifai, ya lakato man, ya kai baki, ya lumshe ido. Yana buɗewa zai gaya maka na jiya ne ko na shekaranjiya, an cakuɗa shi da dafaffen dankali ko an sa masa kitse. Na taɓa jin ya ce wa wata saniyarta ta koma cin harawa, matar ta riƙe baki. In aka ce “Bamanga ya taɓa,” ciniki ya ƙare, ba mai sake dubawa.

Gadon sana'ar ya yi. Mahaifinsa, Bappayo, a rumfar nan ya yanke jiki ya faɗi bayan azahar, yana da shekara hamsin. Wansa Ja'afaru bai ma kai hamsin ɗin ba, yana cikin alwala aka ga buta ta kuɓuce masa. Duk aka ce ajali, kuma ajalin ne. Amma ni tun lokacin nake tambayar kaina, me ya sa ajalin gidan nan yake da sauri haka?

Shekarar da aka samu mulkin kai na fara ɗinka masa wando. Ƙugunsa inci talatin, siriri da shi. A lokacin kullum da asuba yakan taka har bayan gari ya tari matan kafin sauran dillalai su riga shi. Da kuɗin man fetur suka shigo, aka yi rabon Udoji na ƙarin albashi, kowa ya koma son tuwo yana ninƙaya cikin man shanu, sai kasuwar Bamanga ta buɗe. Ya sayi babur Besfa, ya je Makka ya dawo da haƙori yana walƙiya. Matan ma suka daina tahowa a ƙasa, akori-kura ke sauke su a bakin kasuwa. Ni dai tef ɗin awona bai iya ƙarya ba: talatin da shida, arba'in, arba'in da huɗu. Mutane suka ce jikin arziki ne. Wasu 'yan tabo rawaya-rawaya suka fito masa a fatar ido, muka riƙa tsokanarsa cewa man ya cika har yana tsattsafowa. Ashe ba mu yi nisa da gaskiya ba.

A shekarar saba'in da bakwai Besfar ta mutu masa a hawan Tudun Wada. Ya tura ta 'yar tazara kaɗan, sai ƙirjinsa ya ɗaure, gumi ya karyo masa, ya zauna a bakin kwata. Washegari ya ce in raka shi asibiti, don ba ya son a ji a gida. Na rufe keke na bi shi.

Likitan Ba'indiye ne, yana jin Hausa daidai gwargwado. Ya daɗe yana duba tabon idon nan, ya tambayi yadda uba da wa suka rasu, sannan ya ɗebi jini ya ce sai an kai Jos. Bayan mako biyu muka koma.

“Alhaji, kitse ya yi yawa a jininka,” in ji shi. “Mu muna ce masa kolestarol. Yana liƙewa a hanyoyin jini har su tsuke.”

“Kamar yadda mai ke daskarewa a mazurari?” in ji Bamanga.

“Haka nan. Kuma na gidanku gado ne. Ba ni da wata ƙwayar kirki da zan ba ka. Maganin yana cikin kwanonka da ƙafarka.”

Ya lissafa: ba man shanu, ba kitse, ba kayan ciki, ba tsire mai maiƙo. A ci wake da zogale da kuɓewa da kifi, a yi tafiyar ƙafa kullum, a dawo bayan wata huɗu. Da muka zo ƙofar kasuwa sai Bamanga ya tsaya. “Iro, shekarata arba'in da biyu,” ya ce. “Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.” Ranar na ji tausayinsa ƙwarai.

Da ya gaya wa matarsa Suwaibatu, ba ta ɗauki abin da wasa ba. Ta kwashe kwalaben mai daga ɗakinsa ta rabar. Akushin da ake kawo masa kasuwa ya koma tuwon dawa da miyar kuka, ko ɗigon maiƙo babu. Nakan leƙa, nakan kuma gode wa Allah da ba nawa ba ne. Shi kuwa ya ci bai yi ƙorafi ba. Mai tsire ya wuce, ya kau da kai. Da yamma ya zaga filin makaranta sau uku, yara na kallon Alhaji yana yawo ba inda za shi.

Wata huɗu suka cika, aka sake kai jini Jos. Sakamako ya dawo kusan yadda yake. Likita ya ajiye takardar ya ce, “Alhaji, kana ci a ɓoye.” Bamanga ya rantse bai ci ba. Ni na san mutumin nan ba ya ƙarya, ko a ciniki, balle a kan ransa. Amma ruwa ba ya tsami banza. Kwana uku ina juya abin a raina, har na ɗinke wa wani hannun riga a baibai.

Ranar da kasuwa ta cika sai na zauna ina kallonsa kawai. Duk sanda yatsan nan ya tafi baki, in soka fil ɗaya a jikin matashin allurata. Kafin la'asar fil ya ƙare, na koma sa allura. Sittin da uku. Na aro ludayi, na sayi curin mai ɗaya, na tsallaka rumfarsa na zauna ina lakata ina shafewa a ciki, yana kallona kamar na taɓu. Kafin in kai sittin ludayin ya cika ya yi tozo.

“Alhaji, ga abincin ranarka na yau,” na ce.

Ya dubi ludayin, ya dube ni. “Haba Malam Iro. Ai wannan ba ci ba ne, aiki ne.”

“To jininka ya san da wannan bambancin?”

Wallahi bai taɓa lissafa shi cikin abinci ba, haka ubansa, haka wansa. Da na ce to ya riƙa tofarwa, sai ya zaro ido. “In tofar da abinci a gaban mai shi? Ka taɓa ganin ɗan halas ya yi haka?”

Suwaibatu ce ta warware mana. Da ya kai mata labari, tambaya ɗaya ta yi masa: “Alhaji, to da azumi yaya kake yi?” Nan ya tuna. Duk watan azumi murza man yake yi a bayan hannu ya ji ko da gari-gari, ya shinshina, in ya yi shakka ya narka kaɗan a cokali ya ga abin da zai kwanta. Shekara ashirin yana haka, ba a taɓa cutarsa ba. Ya zo mini da safe yana murna, ya ce daga yau kullum azumi ne a rumfarsa.

Mun manta abu ɗaya. Da azumi kowa ya san dalili. Yanzu kuwa ba wanda ya sani, don Bamanga ya hana a faɗa. Bafulatani ne, a wurinsa namiji ya ce ba shi da lafiya abin kunya ne.

Akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Adda, ita ce babba cikin matan da ke kawo mai daga wajen Kwami. Tun tana budurwa take sauke ƙwaryarta a rumfar nan, tun zamanin Bappayo. Ta zo, suka gaisa, ta ɗaga faifai. Bamanga ya lakata, ya murza, ya shinshina, ya faɗi farashi. Ta tsaya tana jira.

“Azumi kake yi, Bamanga?”

“A'a, Adda.”

“To me ka gani a man nawa?”

“Ba komai, Adda. Mai ne mai kyau.”

A wurinsu, wanda ka miƙa wa abin hannunka ya ƙi kaiwa baki, ko ƙyamarka yake yi ko yana zargin ka yi masa barbaɗe. Adda ta rufe faifai, ta gyara gammo, ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce rumfar gaba. Cikin mako biyu sauran matan duk suka bi ta. Masu garwa kuma suka fara raɗe-raɗin harshen Bamanga ya mutu. Rumfar da ba a samun wurin tsayawa ta koma sai ƙuda.

Wata rana na tarar da shi yana kallon yatsansa. “Iro, ko in koma taɓawa ne? Mutuwa dai ɗaya ce.”

Raina ya ɓaci. Na ce, “Ɗaya ce, amma ba a ce ka je ka taro ta ba. Ka gwammace a ɗauke ka a rumfar nan da ka buɗe baki ka yi wa tsohuwa bayani? Wannan ba kunya ba ce, Alhaji, girman kai ne.” Kwana biyu bai gaishe ni ba. A na uku, bayan sallar asuba, na ji sallamarsa a ƙofar gida, da sanda a hannu. Ya ce rugar su Adda za shi, kuma a ƙasa, tunda an ce ya yi tafiya. Na bi shi don in ga yadda za ta kaya. Awa uku muka yi, muna hutawa a gindin itatuwa, na kuwa yi da-na-sanin takalmin da na sa.

Adda ta shimfiɗa mana tabarma, fuskarta ba yabo ba fallasa. Aka yi gaisuwa da Fulatanci har ta ƙare, ba sauran abin tambaya. Bamanga ya sunkuyar da kai, ya nuna tabon idonsa.

“Adda, abin da ya ɗauki Bappa da Ja'afaru yana jikina. Likita ya ce man nan da nake taɓawa ne ke ƙara shi.”

Ta dube shi. “Me ya hana ka faɗa?”

“Kunya, Adda.”

“Ka ji kunyar ciwo, ba ka ji kunyar wulaƙanta ni a tsakiyar kasuwa ba?” Sai ta juya kai gefe. “Ina tsaye da ƙwaryata ranar da Bappayo ya faɗi. Man ƙwaryata ya taɓa na ƙarshe.”

Ta tashi ta shiga bukka. Da ta fito, ba kindirmo ta kawo ba, wanda shi ake ba baƙo mai daraja. Tsala ta kawo, nonon da aka kaɗe aka kwashe mansa tas. Ta ajiye a gabansa ta ce, “Sha. Daga yau naka ke nan.”

Ranar kasuwa ta gaba sai ga ta, mata fiye da goma a bayanta. Ta sauke a gaban Bamanga. Shi kuwa don murna ya manta kansa, sabo turken wawa, ya lakata ya nufi baki. Kafin yatsan ya isa ta kai wa hannun duka, tas, har 'yan layi suka waiwayo. Ta ɗaga murya yadda masu garwa za su ji: “Hancin Bamanga ya fi harshen wani. Wanda bai yarda ba ya je gaba.” Ba wanda ya je.

Daga nan ya koma tsohuwar al'adarsa, da asuba ya taka bayan gari ya tari matan inda mota ke fara tsayawa. Na rage masa wanduna sau uku, har muka tsaya a talatin da shida. Jinin ya sauka, ko da yake bai sauka duka ba, likita ya ce na gado haka yake. Sai bayan shekara goma sha wani abu wata ƙwaya ta iso da ake kira sitatin, ana haɗiyar ɗaya kullum. Na ce masa to yanzu ai ya samu lasisin komawa. Ya ce sabon likitan ya riga ya toshe wannan ƙofar, ƙwayar taimako take yi, ba ta ɗauke wa kwano da ƙafa aikinsu.

Cikin daminar da ya cika hamsin da takwas Adda ta rasu. Muka je ta'aziyya, wannan karon a mota, don ni na ƙi takawa. Bayan an yi arba'in sai ga 'yarta Inno ta shigo layi da ƙwaryar uwar a ka. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ɗaga faifai. Bamanga ya miƙa hannu. Sai na ga ta ɗan matso, kanta a ƙasa, hannunta a shirye a gefen ƙwaryar.

“Baffa, ka yi haƙuri,” ta ce. “Inna ta bar mini wasiyya. Ta ce in na ga yatsanka ya nufi baki, kada in ji kunyarka, in buge.”

Bamanga ya murza man a bayan hannunsa, ya kai hanci. Ya daɗe a haka bai faɗi farashi ba. Ni kuwa na sunkuya ina neman ramin allura, ƙwalla ta hana ni ganinsa.