Ɗan Aike Tsakanin Zaure da Rumbun Bayanai

Ni maɗinki ne, aikin wuyan babbar riga na gada a unguwarmu ta Kusfa. Matata kuwa manhajar kwamfuta take rubutawa. Ita ta gina wa wata makarantar kiwon lafiya shafin intanet na rajistar ɗalibai, babban aikinta na farko.

Ranar Juma'ar da za a rufe rajista, ana saukowa daga masallaci kowa ya ciro waya, shafin ya ƙame. Kafin in cire hula mai makarantar ya iso zaurenmu. Dattijo ne, magana da matar wani sai ta bakin mijinta. Sai na zama ɗan aike.

"Malam, gaya mata in aka kira la'asar bai tashi ba, na ba wasu masu manhaja 'yan Kaduna aikin."

Na ruga ciki. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce duk wanda ya shigo shafin ana ara masa layi ɗaya zuwa rumbun bayanai, kamar butocin masallaci, ka yi alwala ka mayar. To wanda sabis ya yanke masa a tsakiya, manhajar ba ta mayar da nasa. Jama'a sun yi yawa, layukan sun ƙare. Ta gano wurin, amma dole sai ta kashe shafin gaba ɗaya kafin ta sa gyaran.

Na koma zaure na ce, "Alhaji, ta ce a kashe."

"A kashe? Yau?" Wayarsa sai kuka take, iyayen yara ne. "Me ya lalace?"

Na ce buta. Wallahi ita kaɗai ta zauna min a kai. Ya dube ni sama da ƙasa, ya fara laluben lambar 'yan Kaduna.

Wahalar da ta sha za ta tashi a banza, kuma a bakina. Haushin kaina ya kama ni, da na Alhaji, har da na zauren. Na shiga na ce mata, "Sa hijabinki, ɗauko kwamfutar."

Ta tsaya a bakin ƙofa ta gaishe shi, ta yi masa bayani dalla-dalla. Da ta gama ya ce, "Kashe, 'yata."

Ta kashe, ta sa gyaran, muka zuba wa kwamfutar ido. Ladan na gwada lasifika zai kira la'asar shafin ya dawo, sunaye suka fara shigowa.

Da zai tafi ya juyo gare ni. "Malam, in ba damuwa, ka ba ni lambarta."

Ban ji daɗi ba, ba zan ɓoye ba. Na karanto masa ita, ya sa a wayarsa.