Ɗakin Gwaggo da Ruwan Zartsi

An ce wai taubashina, ɗan Gwaggo, ya haifi 'ya'ya shida na siminti, kullum yana yi musu wanka a baho yana tambayarsu ya suka kwana. Ƙarya ake masa. Ba ya gaishe su, leƙa su kawai yake yi. Wankan kam gaskiya ne, da idona na gani.

Aikinsa ke nan tun yana saurayi, shi ya sa muke ce masa Murƙushe. A wurin aikinsu yakan zuba kankare a 'yan akwatunan ƙarfe, ya jiƙa dunƙulen a ruwa, in sun kwana biyu ya sa su a injin matsa har su fashe, ya ga nauyin da suka ɗauka. Mutum ya yi karatu don ya riƙa fasa abin da ya gina!

To, damina ta kayar da ɗakin Gwaggo. Ta koma bene wajen 'yarta, inda take wuni a bakin taga tana tambayar duk wanda ya shigo ko lemon tsakar gidanta ya yi fure. Ko tsintsiyarta ba ta yarda an kwance ba.

Rijiyar gidan nan zartsi ce, ko akuya sai ta yi tsaki kafin ta sha. Muka ce, ai bango ba shi da harshe, a kwaɓa simintin sabon ɗakin da ita. Murƙushe ya ƙi. Ya yi dunƙule uku da ruwan famfo, uku da na rijiya, ya ce in na rijiya suka kai tara cikin goma na ƙarfin 'yan'uwansu, an gama magana. Ba su kai ba. Ranar ya daɗe zaune a gindin lemon.

Yanzu duk ranar hutu sai ka gan shi a babur da jarkoki, yana jigilar ruwan famfo daga nesa. Ginin yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa, Gwaggo tana can bakin taga.

Na ce, “Murƙushe, kafin ka rufa ɗakin nan ai Gwaggo ta sake fitar da haƙora.”

Bai ko ajiye jarkar ba ya ce, “Kai da ruwan rijiyar nan aka raine ka, ga yadda ka fito. Ba zan ɗora irinka a saman kan uwata ba.”