Kawu Sani da Masu Wurin Fadamarsa

Duk wanda ya san Kawu Sani na Gulma ya san ba ya shiga gonarsa sai ya yi sallama. Kuma fa babu kowa a ciki! Zai tsaya a bakin kunya ya ce, "Salamu alaikum, masu wuri," sannan ya ɗan dakata, wai kada ya katse wa balbela kalaci.

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, a Gwadangaji muka tashi. Kowane hutu sai ya aiko a kawo mu mu ga duniya. Duniyar kuwa fadamarsa ce: jar shinkafa irin ta kakanni, albasa, tsamiyoyi, da wani tafki da ya hana a jefa wa ko ƙugiya.

Lokacin da shinkafa ta nuna, kowa na buga gwangwani yana korar tsuntsaye, shi kuwa Kawu ya ware musu nasu ɓangaren. Rannan maƙwabcinsa Malam Bala ya zo yana huci.

"Sani! Tsuntsayenka sun gama da taka, sun shigo tawa!"

"Yi haƙuri, Bala," in ji Kawu. "Na nuna musu iyaka. Baƙi ne wanga karon, ba su jin Hausa."

Sai kuma ranar da Maman Chika, wadda shagonta ke kusa da na innarmu a kasuwar Birnin Kebbi, ta biyo mu yawon buɗe ido. Ta tsuguna bakin tafki tana wanke ƙafa kusa da wani kututture. Kututture ya buɗe ido! Ashe kada ne. Wallahi ban san Maman Chika na da gudu haka ba, takalmi guda ta bari a laka. Kawu na binta yana kira:

"Madam, sannu-sannu! Kin razana shi, dattijo ne, shina da hawan jini!"

Abin ya zo da zafi shekarar da babban ɗansa, Bello, ya ɗauko hayar motar ture ƙasa, za a sare tsamiyoyin a cike tafkin a ƙara fili. Kawu bai yi faɗa ba. Ya shimfiɗa tabarmarsa a gaban motar, ya ajiye buta da rediyo, ya miƙe ƙafa.

"Baba, don Allah ka tashi," in ji Bello. "Itatuwan nan sun tsufa."

"Awo. To ku fara da ni. Su har yanzu suna 'ya'ya, ni na daina."

Direba ya yi dariya har da hawaye, ya sha furar da Kawu ya miƙa masa, ya juya motarsa.

Bara, bayan rasuwar Kawu, na kai yarana wurin. Na iske malamai sun kawo ɗalibai daga Argungu suna zagayawa. Ƙaramar ɗiyata ta ga gauraka a karon farko, ta ƙanƙame hannuna. Wanda ke gaba yana nuna wa ɗaliban hanya yana cewa a rage murya kuwa, Bello ne.

Mun yi maka dariya da yawa, Kawu, ashe mu kake yi wa ajiya. Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka, ya ba ka inuwar da ta fi wadda ka bar mana. Amin.