Sunanta Kaɗai Na Cire

Na zo Yamai daga Maraɗi da takardar bak, ta gama sakandare, a jaka, na sauka a unguwar Saga, gidan gwaggona, ƙanwar babana. Ta fi shekara ashirin tana sayen shinkafa wajen manoman bakin kogi, tana sayarwa a ƙofar gida. Ita ta shimfiɗa mini katifa a ɗakinta, ita ke tashe ni da asuba don kada faba-faba, motar haya, ta cika ta bar ni. In aka tambaye ta abin da nake karantawa a jami'a, sai ta ce, "Likitancin masu damuwa." Sikoloji na shiga, ilimin halayyar ɗan Adam, amma watannin farko ban ga mai damuwa ko ɗaya ba in ba mu ɗalibai ba. Sunayen Turawan da suka mutu muke haddacewa, sai lissafi, sai zanen ƙwaƙwalwa a allo wanda in kana bayan anfi, babban ɗakin karatunmu, ba ka ganin komai sai farin tabo.

Bayan hutun farko wani malami ya ba mu debuwar, wato aikin gida. Kowa ya samu mutum ɗaya ya zauna da shi rabin awa, ya saurare shi, ba shawara, ba katsewa, sannan ya rubuta. Ya ce a fara da bayanin mutumin: shekarunsa, asalinsa, sana'arsa. Sai ya ɗaga yatsa. "Ku cire suna. Wanda na ga suna a takardarsa, sifiri." Iyakar gargaɗin ke nan. Na koma kayena sau ba adadi, babu wani abu bayan wannan.

Wa na sani a Yamai in ba Gwaggo ba? Ranar Lahadi da hantsi muna tsince tsakuwa a shinkafa na ce mata, "Gwaggo, aikin lakkol aka ba mu. Ku yi magana kawai, ni in saurara."

"Yau kuma ni ce jarrabawar? To me zan ce? Ƙafata ce ke ciwo, rubuta."

Muka yi dariya. Ta yi zancen ƙafa, ta yi zancen ruwan da ya ci gonaki bara. Ni dai na yi shiru yadda aka ce. Can sai hannunta ya tsaya a cikin faifai.

"Yaron nan ba ya Kwatano," in ji ta.

Ɗanta na fari take nufi, wanda ba ta taɓa kama sunansa ba. Kowa a dangi ya san yana Kwatano yana sayar da kayan mota, haka take faɗa. Ashe arewa ya yi, hanyar hamada. Kiransa na ƙarshe daga Agadas ne, shekara uku ke nan. Duk Juma'a in ta ce ta tafi kasuwa, tasha take zuwa ta tsaya daga nesa tana kallon masu saukowa daga motar Agadas. Ko babana bai sani ba.

Na so in riƙe hannunta, na so in ce Allah ya bayyana shi. Amma an ce ba katsewa. Kuma, Allah ya yafe mini, wani wuri a zuciyata murna yake yi: na samu debuwar mai kyau.

Na rubuta da Faransanci, shafi huɗu. Na sa mata "Madam X". Ƴar Maraɗi, ta haura hamsin, mijinta ya rasu, mai sayar da shinkafa a Saga. Ni a ganina na ɓoye ta.

Sati biyu bayan nan malamin ya shigo ya ce akwai takarda ɗaya da ta cancanci kowa ya ji. Bai taɓa cewa ana karantawa a fili ba. Ya kama makirfo ya fara. Da ya kai kan shinkafar Saga, wata ɗaliba a layi biyu gabana ta juyo ta dube ni. Uwarta ƴar Maraɗi ce, a unguwar Filato suke, babanta ma'aikacin minista ne, kuma duk wata sai sun zo da mota sun ɗauki buhu wajen Gwaggo. Da aka tashi na bi ta na ce, "Don Allah, don Annabi, ki rufa." Ta ce, "Haba, ni wa zan faɗa wa?"

Kwana huɗu. Ina wanke-wanke da la'asar mata uku suka yi sallama, uwar yarinyar a gaba, sun sha mayafai. Ba buhu suka zo ɗauka ba, jaje suka zo.

"Hajiya, ashe abin da kike ɗauke da shi ke nan? Shekara uku, ko ki ce mana uffan! Sannu, sannu. Allah ya bayyana shi da rai."

Gwaggo ta ce, "Wa?"

"Ai ɗiyar nan taki ce ta rubuta, aka karanta musu a jami'a. An ce har malamin ya yaba."

Ba ta dube ni ba. Ta kawo musu ruwa, ta amsa amin ga kowace addu'a, ta raka su har bakin mota. Da ta dawo ina nan tsugune, kumfa ya bushe a hannuna.

Ta ce, "Mutum nawa ne a ɗakin karatun?"

"Gwaggo, wallahi na cire sunanku."

"Ba shi na tambaye ki ba. Sun kai jama'ar masallacin Juma'a?"

Na ce sun kai. Ta ce to, ta ɗauki buta.

Washegari na tsaya wa malamin a ƙofar biro, ofishinsa, har ya fito. Na faɗa masa komai. Ya ce, "Kin sa suna?" Na ce a'a. Ya ce, "To ba ki saɓa doka ba. Sirrin aiki darasin shekara ta uku ne, za ku zo wurin." Ya miƙo mini takardar, goma sha shida bisa ashirin.

Shekara ta uku! A garin nan wa ake ganewa da suna? Ka ce ƴar Maraɗi mai shinkafa a Saga, ɗan kabu-kabu ma sai ya kai ka ƙofar gidan. Matar da ba ta kama sunan ɗanta saboda kunya, mu kuma an koya mana cewa in ka goge suna ka gama. Na san laifina ne. Ni na zauna gabanta, ni na ga hannunta ya tsaya, ni na kamata in sani. Amma ba wanda ya ce mana ku tambayi mutum ko ya yarda a rubuta, kuma ni ma, da hankalina, ban tambaya ba.

Na ba ta haƙuri sau uku. Kowane karo sai ta ce, "Ya wuce, ɗiyata." Ba ta kore ni ba, abincina na nan a rufe kullum in na dawo. Ban sani ba ko labarin ya kai Maraɗi. Duk lokacin da lambar babana ta fito a salulata sai in bari ta yi ta ƙara kafin in ɗauka.

Jiya na dawo na tarar da ita da maƙwabciyarmu a tsakar gida, suna hira da Hausa, har da shewa. Na yi sallama. Gwaggo ta amsa, ta tambaye ni gajiya. Sannan ta juya ga maƙwabciyar ta ci gaba da maganar da Zabarmanci, wanda ta san ko kalma goma ban iya ba.